Kifayen Manaja A Lambun Baba

Shafi na 17

Masu bi na har cikin akwatin saƙo kuna tambayar ina Auta ya shiga, ku sassauta min. Yau na sauke tukunya da wuri na zauna saboda ku.

*

Malama tana tsaye a bakin tafki na farko tana watsa wa kifi abincin safe, sai ta jiyo kukan tayar baro daga wajen shinge.

Ta san baron. Na Baba ne, maƙwabcinsu na gangare. Tun da ita da mijinta suka taso daga birni suka tare a wannan fili, baron nan ya fi kwana a gidansu fiye da gidan mai shi. Da shi aka kwashe ƙasar da motar haƙa ta bari, da shi aka ɗebo duwatsun da aka jera a bakin ruwa.

Yau Baba ne da kansa yake turo shi, a hankali, kamar wanda ya ɗauko ƙwai.

Rabonsa da gidan tun ranar da ruwa ya cinye masa lambu.

Ta aje kwanon, ta goge hannu a zani, ta tare shi da gaisuwa. Ta tambayi jikin Iya, matarsa, ya ce da sauƙi. Ba ta tambayi Auta ba. Kowa ya san tun da Baba ya kori ɗan nan nasa daga gida, ba a yi masa zancensa.

A cikin baron akwai baho, an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ruwa yana ɗan fantsalowa ta gefe.

"Manaja na nan?" in ji Baba.

Ta ce yana can baya wurin tafki na uku, ta ɗaga murya ta kira shi.

Tafki na uku dai har yanzu turaku ne da igiya, ko shebur ɗaya ba a saka ba. Amma kwanakin nan can mijin nata yake wuni, ya auna nan, ya cire turke, ya mayar da shi inda yake. Abinci ma sai ta matsa masa. Ita a zatonta tausayin Baba ne yake damunsa.

Ya fito da tef ɗin awo a hannu. Shekarun da ya yi yana riƙe da shagon kayan gini a birni ne suka bar masa sunan Manaja, da kuma irin tafiyar nan ta mutumin da ya saba ba da umarni. Da ya hango wanda ke tsaye, tafiyar ta canza.

Ya yi ta jan gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya sake tambayar gida. Ya ce a kawo wa Baba kujera ƙarƙashin bishiya.

Baba ya ce ba zama ya zo yi ba.

"Kayanka na kawo maka."

Ya janye buhun.

Ƙananan tarwaɗa ne, baƙaƙe, suna ta mutsu-mutsu a ruwa mai laka. Duk girmansu ɗaya, kamar an auna.

Malama ta leƙa, ta yi dariya.

"Baba, kai ma ka shigo sana'ar tamu ke nan? To ai sai ka zo mu koya maka."

Ba wanda ya taya ta dariyar.

Baba ya yi bayani ba tare da ya kalli kowa ba. Ya ce da ruwa ya janye, ya shiga lambun don ya ga ko akwai abin da za a iya ceta. Tumatir ɗin da ya rena ya kwanta, barkonon ya ruɓe, kunyoyin duk sun baje. A can ƙarshen lambu akwai wani kwari inda ruwa yake saura. Ya je zai buɗe wa ruwan hanya ya fita, sai ya ga laka tana motsi. Da farko ya ɗauka kwaɗi ne.

Ya ce ya tsince su da hannu, ya zuba a duro. Yana canza musu ruwa, yana ba su dusa. Waɗansu sun mutu, waɗannan suka rayu.

"A wurin nan aka haife ni, ɗana," ya ce. "Babu rafi sama da ni, babu kududdufi. Tafkinka ne kawai. Na ce ko naka ne. Masu rai ne, ba su yi wa kowa laifi ba."

Malama ta buɗe baki za ta kare mijinta. Ta fara cewa wai ta taɓa ji tsuntsaye kan ɗauki kifi su yar a wani wuri. Tun kafin ta kai ƙarshen maganar ta ji yadda take a kunnenta, ta yi shiru.

Ta juya ta kalli Manaja.

Yana naɗe tef ɗin yana warwarewa. Idonsa na kan takalminsa.

Ta bi ta gefen tafki na farko ta gangara zuwa na biyu, wanda ke daf da shingen Baba.

Kwanakin nan ya hana ta zuwa wurin. Ya ce ƙasar da santsi, kada ta faɗi, shi zai riƙa ba kifin can abinci. Da ta ce tana hango ruwan kamar ya yi ƙasa, ya ce rana ce. Da ta ce ba ta ganin kifin suna tasowa, ya ce tarwaɗa haka take, ƙasan ruwa take so.

Ta tsaya a kan jingar da ta tare ruwan ta gangare.

Dama da hagu ciyawa ta fito kore shar. A tsakiya kuwa, wuri mai faɗin ƙofar gida, jar ƙasa ce sabuwa, ko tsiro babu. Ta sa ƙafa ta ɗan ture ƙasar. Bakin buhu ya leƙo. Ta ture gaba kaɗan, wani buhun.

Daga nan in ka miƙa ido, hanyar da ruwan ya bi tana nan a kwance. Ta ratsa ƙarƙashin shinge, ta nufi tsakiyar lambun Baba.

Tana juyowa ta hango bututun nan a jingine bayan ɗakin ajiya, ko ledarsa ba a cire ba. Bututun da ya kamata a binne a jingar don ya riƙa rage ruwa in tafki ya cika. Ita da kanta ta tuna masa da shi kafin a zuba kifi. Ya ce damina ba ta kankama ba, tsofaffin abokan aikinsa za su zo ganin gona, yana so su tarar da tafki biyu cike da ruwa ba rami ba. In sun tafi sai a saka.

Sun zo, sun yi hotuna, sun tafi.

Ta dawo inda ta bar su.

"Baban yara," ta ce, "jingarmu ce ta ɓalle?"

Ya ɗaga kai ya sauke.

"Da baki nake tambayarka."

"Ita ce."

Baba ya lumshe ido ya buɗe.

Sai maganar ta fara fitowa daga bakin Manaja a gutsure. Ya ce ranar da Malama ta raka Baba da Iya asibiti a birni, ruwa ya sauko da rana tsaka kamar da bakin ƙwarya. Yana kallo tafkin ya cika, ya fara tsallake jingar. Ya ɗauko shebur, bai kai ga yin komai ba ƙasar ta buɗe. Ya ce a gaban idonsa ruwan ya tafi. Ya ce ya tsorata. Mutumin da ya tarbe su, ya nuna musu inda za su haƙa rijiya, ya ba su aron komai har gatari, da wane ido zai kalle shi? Ya ce niyyarsa ya toshe wurin tukuna, in hankali ya kwanta ya je ya faɗa.

Malama tana ji, fuskarta na zafi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta shige.

Amma akwai abin da bai zauna mata ba.

Ta san mijinta. Ciwon bayan da ya sa ya bar aiki ko jarkar ruwa ba ya barinsa ya ɗaga. Buhun abincin kifi ma ita da shi suke kamawa, yana nishi.

"Wa ya ɗaukar maka buhunan yashin?"

Ya ci gaba da naɗe tef ɗin.

"Baban yara, buhunan nan ba kai ka jera su ba."

Ya share zufa da bayan hannu. Muryarsa ta yi ƙasa har sai da Baba ya matso.

"Auta ne."

Baba ya dafa hannun baron.

Manaja ya ce Auta yana bayan lambunsu a lokacin, yana share magudanar ruwa kamar yadda mahaifinsa ya umarce shi kafin su tafi asibiti. Ya share ta tas. Da ya ga ruwa yana zuwa ta inda bai taɓa zuwa ba, ya bi sawunsa ya hauro. Bai tsaya faɗa ba. Ya ce in ba a toshe ba sauran ruwan zai gangara har ɗakin Iya. Shi ya cika buhunan, shi ya ɗauka a kafaɗa, shi ya shiga ruwa har ƙugu ya jera su.

Da suka gama, Manaja ya riƙe masa hannu biyu ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Ya ce kada Baba ya ji a bakin kowa sai nasa. Ya yi alkawari da yamma, da zarar sun dawo, zai je ya faɗa da kansa.

Auta ya ce ya ji, ba zai faɗa ba.

Malama ta nemi wuri ta zauna a kan wani dutse, don yammar nan ta dawo mata gaba ɗaya.

Tana wurin. Tare suka sauko daga mota, tana riƙe da Iya. Baba ya tsaya a bakin lambunsa yana kallon aikin watanni a kwance cikin laka. Ya juya ya ga Auta jiƙe sharkaf. Bai tambaye shi komai ba. Ya ce aiki ɗaya ya bar masa, magudana ɗaya, ya tafi yawonsa sai da ruwa ya gama ɓarna ya zo yana wasa da laka don a ce ya yi ƙoƙari. Ya kira shi malalaci a gaban matarsa, a gaban maƙwabta. Ya tono tsofaffin laifuka tun na ƙuruciya. Ƙarshe ya ce ya fitar masa daga gida, kada ya sake ganin ƙafarsa.

Auta, magidanci da mata mai ciki, bai ce uffan ba.

Kallo ɗaya ya yi, ta tuna yanzu. Ya ɗaga kai ya kalli Manaja, ya daɗe yana kallonsa.

Manaja kuwa ya matsa ya dafa kafaɗar Baba yana cewa a yi haƙuri, yaran yanzu sai a hankali.

Ita ma ba ta tsira ba. Ita ce ta ce, "Auta, gaskiya ba ka kyauta ba, dubi halin da Iya take ciki." Washegari kuma ta kira ƙanwarta a waya ta ba ta labarin ɗan maƙwabcinsu mara tausayin iyaye. Har matar Auta ta yi wa nasiha a bakin rijiya, wai ta riƙa tsawata wa mijinta. Yarinyar ta ce to, ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Malama ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kifin ne kawai ke motsi a baho.

"Kana tsaye," Baba ya ce wa Manaja. "Kana tsaye a gefena."

"Ina tsaye, Baba."

"Ka dafa ni."

Manaja ya durƙusa. Gwiwarsa ta nutse a laka. Ya fara cewa zai gyara lambun, zai sayo iri, zai kawo ma'aikata, in Baba ya ce a cike tafkin da ƙasa yau ɗin nan za a cike.

Baba ya ɗaga masa hannu.

Ya ce shi da ya taho, tumatir ne a ransa. Ya zaci ruwan Manaja ya haɗu da sakacin Auta ne suka yi masa ɓarna, ya zo ne su yi magana ta maƙwabta, a saka bututu, a wuce wurin. Ya ce tumatir ana sake shukawa.

"Amma ka bar ni na zagi ɗana a kan aikin da ya yi. Ka bar ni na kore shi da lakar tafkinka a jikinsa."

Ya juya baya yana gyara hularsa, ya daɗe yana gyara ta.

Malama ta sauke mayafin. Ta ce ba a makara ba. Ta ji an ce Auta yana birni wurin yayarsa, yanzu za su shirya ita da Manaja su je, ya faɗa masa komai a gaban yayar, su taho da shi. In ya ƙi, su kwana a ƙofar gidan.

"Ba ya wurin Yaya."

Duk suka juya.

Matar Auta ce a bakin shinge, hannu ɗaya a bayanta tana tallafe da cikin, ɗayan riƙe da bokiti. Ragowar kifin da ba su shiga baho ba ne Iya ta ce ta biyo Baba da su. Ba wanda ya san tun yaushe take tsaye.

Ta shigo ta aje bokitin kusa da baro. Ba ta gaida Malama ba, ba ta kalli Manaja ba.

Ta ce kwana ɗaya Auta ya yi wurin Yaya, ya ga ba zai iya zama ana ciyar da shi ba. A tashar mota yake kwana, yana dako. Ta ce ta san komai tun daren farko, don ita ta wanke kayan da ya cire, ita ta shafa masa magani a kafaɗar da buhu ya saɓule. Ta roƙe shi ya faɗa, ya ce ya riga ya ba da baki, mai maganar zai zo da kansa. Kullum in ya kira sai ya tambaya ko Manaja ya zo. Kullum ta ce masa bai zo ba.

"Jiya bai tambaya ba," ta ce.

Manaja ya sa hannu ya rufe bakinsa.

Ta ce wasu masu ɗaukar ma'aikata zuwa haƙar ma'adinai sun zo tashar, can nesa, inda ko waya ba ta shiga. Ya ba da sunansa. Ya ce mata kada ta gaya wa kowa sai motar ta tashi, in ya samu wurin zama zai aiko a ɗauke ta.

Baba ya tambayi yaushe.

"Yau. Da safe ya ce suna jiran mota ta cika."

Malama ta miƙe ta ce a kira shi, don girman Allah a kira shi yanzu.

Matar Auta ta kwance bakin zaninta ta ciro waya. Ta danna, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta miƙa hannu tsakiyarsu.

Wayar ta yi ta ƙara har suka fara cire rai. Sai aka ɗauka.

Hayaniyar tasha ta cika wurin. Masu talla, ƙahon mota, wani yana kiran a matsa ciki.

"Lafiya?" Muryar Auta ce, a dushe. "Na ce miki sai mun tashi."

Ta juya wayar wajen Manaja. Karo na farko ke nan da ta kalle shi.

Ya matso a kan gwiwoyinsa.

"Auta, ni ne. Na faɗa. Na faɗa wa Baba komai, jingar, buhunan, alkawarin da na..."

"Sai yau?" in ji Auta.

Manaja ya sunkuyar da kai.

"Ba ni da magana da kai," in ji Auta, ba tare da ɗaga murya ba. "Baba yana wurin?"

Matarsa ta ce yana nan, yana ji.

Can cikin wayar aka buga jikin mota da tafin hannu, aka ce kowa ya shiga, saura mutum ɗaya. Injin ya tashi.

"Ƙafata ɗaya tana ciki," in ji Auta. "Shi ya ce kada ya sake ganina. In yana so in sauko, ya faɗa da bakinsa. Ba ke ba, ba Malama ba. Shi."

Matar Auta ta miƙa wa surukinta wayar.

Baba, wanda tun da ya haifi 'ya'yansa ba a taɓa jin ya janye maganar da ya yi wa ɗayansu ba, ya karɓa da hannu biyu. Ya kai ta kusa da bakinsa, ya buɗe baki.

Ba abin da ya fito.

"Baba?" in ji Auta.

Can cikin wayar aka ja ƙofar motar.